Neman shawara: bugun zuciyar ɗana mai asma yana tsorata ni

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ɗana mai shekara 7 yana fama da asma tun yana shekara 3, kuma a hunturun bana sau biyu aka kwantar da shi a asibiti. Daren jiya da ciwon ya tashi na shaƙa masa maganin asmarsa mai suna Ventolin, sai na ɗora tafina a ƙirjinsa na ji zuciyarsa tana bugawa kamar za ta faso waje, hannuwansa suna rawa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lomawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi. Surukata ta ce maganin ne ke cin zuciyarsa, in daina ba shi. Don Allah masu sani, asmar ce ke taɓa zuciyar yaro ko kuwa maganin?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki daina maganin nan, domin shi ne ke buɗe hanyoyin iskar da suka tsuke. Gaskiya ne yana ƙara saurin bugun zuciya, yana kuma kawo rawar hannu, amma wannan yakan lafa bayan 'yan sa'o'i. Abin da ya fi wahalar da zuciya shi ne ƙarancin iskar oksijin. Ɓangaren dama na zuciya ne ke tura jini zuwa huhu, kuma idan iska ta yi ƙaranci, jijiyoyin jinin huhu sukan matse, sai wannan ɓangaren ya koma turawa da ƙarfi fiye da yadda ya saba. A yawancin yara hakan yana wucewa da zarar numfashi ya daidaita, kuma ba kasafai asma ke barin lahani na dindindin a zuciyar yaro ba. Abin gudu shi ne ciwon ya riƙa tashi da tsanani a kai a kai ba tare da an shawo kansa ba. Ga yaron da ya wuce shekara 5, idan bugun ya haura 125 a minti ɗaya, ko ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, ki tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Wani uba: Hajiya, kwanciya biyu a hunturu ɗaya alama ce cewa yana buƙatar maganin rigakafi na shaƙa wanda ake amfani da shi kullum, ko yana lafiya. 'Yata ta samu sauƙi ne bayan likita ya ɗora ta a kansa, muka kuma fitar da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa daga ɗakin kwananta.

Wata uwa: 'Yar uwa, ki roƙi likitan yara ya saurari zuciyarsa, in ya ga dama ya tura ku hoton zuciya, domin akwai ciwon zuciyar da ke zuwa da haki da tari har a ɗauka asma ce, musamman idan ƙafafu suna kumbura ko yaro yana saurin gajiya ko da ciwon bai tashi ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ƙafafunsa ba sa kumbura, amma ba a taɓa ba mu maganin rigakafin ba. Gobe da safe zan kai shi, kuma zan nemi surukata ta raka mu don ta ji bayanin daga bakin likita.