Labarina ya tsaya cak a shafi na 31: zan iya cewa masoyan sun taɓa rayuwa a baya?

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kaina ya kulle. Ina rubuta labari a wani guruf na WhatsApp, kullum bayan isha'i nakan saki shafi ɗaya, in an kawo wuta na samu caji ke nan. Yarinyar labarin tun tana ƙarama mafarki ɗaya take yi: wani saurayi marini, hannunsa duk baba, yana tsaye a bakin karofin Ƙofar Mata, gari ya ruɗe ana cewa ga Nasara nan, Sarki Alu kuma ba ya gari. Wato 1903. Ya ce ta jira shi, bai dawo ba. Ranar da ta shiga Kantin Kwari sayen atamfa sai ta ga fuskar nan sak a wani shago, har tabon girarsa. Sannan tana da wata baiwa, in ta taɓa tsohon abu, kamar munduwa ko akushi, sai ta ga wanda ya mallake shi a da. Da haka za ta gano wanda ya kashe marinin, jikokinsa kuwa suna nan a gari da kuɗinsu.

Ba zan ɓoye ba, finafinan Indiya ne suka sa min wannan. Om Shanti Om kaɗai na kalla ya fi sau biyar. Niyyata a shafi na 32 in fito fili in ce su ne suka mutu suka dawo. Na ɗan nuna alama a na 31, guruf ya kama da wuta. Wata ta ce in yi istigfari, biyu suka fita, sauran suna ta "Anti ci gaba, ai ƙirƙira ce." Kwana shida ke nan ban saki komai ba. Ina mafita?

Malamin Islamiyya, Ɗorayi:
Wa alaikumus salam. Malama, wadda ta ce ki yi hattara ba ta yi laifi ba. Komawar rai cikin wani jiki, abin da malamai ke kira tanasukhi, aƙidar Hindu ce da masu bin Buddha, shi ya sa take zama daidai a fim ɗinsu. Mu kuwa duba Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100: mai mutuwa yana roƙon a mayar da shi, aka ce a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar tashi. Masu karanta ki da yawa 'yan sakandare ne, abin da labari ya tabbatar shi ke zama a kansu.

Amma abin da kike nema, wato mutum biyu su haɗu su ji kamar sun daɗe da sanin juna, muna da shi. Hadisi ne a Bukhari da Muslim, cewa rayuka runduna ce da aka tara, waɗanda suka san juna sai su saba, waɗanda ba su san juna ba sai su saɓa. Mafarki na gaskiya ma yana nan, an ce kashi ɗaya ne cikin 46 na annabta, ga kuma Suratu Yusuf. Iyaka dai kada yarinyar ta koma mai duba tana faɗa wa mutane gobensu.

Mai sayar da littattafai a da, Sabon Gari:
'Yata, ni na sayar da littattafan soyayya tun lokacin da ake yin na ɗaya, na biyu, na uku, mata suna aiko yara da kuɗi a ƙulle a gefen zani. Kin tafi Indiya neman abin da ke bayan ɗakinki. Ba ki taɓa jin wabi ba? Mace ta yi ta haihuwa suna mutuwa, tsofaffi su ce ɗa ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Sai a kai jaririn juji a ajiye kamar ba a so, a ɗauko, a sa masa Ajuji. Kakata ta yarda da wannan har ta koma ga Allah, tana kuma sallarta. Sa wata tsohuwa a gidan ta riƙa cewa "wannan yarinya dawowa ta yi," liman ya ce ba haka ba ne, ke marubuciya ki yi gefe. Ko ki kawo aljani, tunda an ce suna daɗewa, shi ya ga abin da ya faru a 1903 yake nuna mata.

Makaranciya, Kabuga:
Baba, don Allah ban da aljani. An gaji. Labari goma, bakwai aljani ya auri yarinya, a ƙarshe a kira mai ruƙiyya a watse. Anti, ina cikin masu bin labarinki, kuma matsalata daban ce. Tun shafi na 20 na daina jin tsoro, saboda duk abin da ya ɓoye sai kawai ta taɓa wani abu ta gani. To ina fargabar? Rage mata ido. Ta ga hannu da zobe, kada ta ga fuska. Ta yi kuskure sau ɗaya ta zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma abin ya riƙa cin ta, ciwon kai, suma, a gida a fara raɗa cewa ba ta da lafiya, dangin saurayi su ji su ja baya. Nan ne zan kasa barci.

'Yar Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Makaranciya, kin taɓa ni inda yake ciwo, amma gaskiya ce. Ga inda na tsaya: wadda marinin ya ce ta jira shi, kakar kakar yarinyar ce, munduwar ta gado ce, mai shagon kuma jinin ƙanin marinin ne, shi ya sa kamar. Tsohuwar da Baba ya ce in sa ma na ɗauka, har na ba ta ɗaki a zaure na biyu. Abin da ke min zafi layin da na tanada tun farko, inda za ta ce masa "shekara 120 ina jiranka." Yanzu ba shi da wurin zama, sai dai ko tsohuwar ta faɗa a madadinta.

Ranar Asabar zan leƙa Ƙofar Mata, don na rubuta cewa baba yana wankuwa daga hannu da sabulu a wanki ɗaya, wani ya ce min marina za su yi min dariya. Akwai wanda ya san ko suna barin mace ta zauna ta yi tambayoyi, ko sai na tafi da yayana?