Yayana ya fi ni ƙiba nesa ba kusa ba, amma ni suga ya kama

Tela_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 46, ɗinki nake yi, tun safe har bayan isha'i ina kan keke. Watan jiya na lura da daddare sai na tashi fitsari sau huɗu, ga ƙishirwa kamar wanda ya yini a gona. Aka gwada sugan jinina da safe kafin in karya, 148. Bayan kwana uku aka sake, 141. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta min metformin.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban tirela ne, tumbinsa har sitiyari yake taɓawa, shayinsa sai da cokali huɗu na suga. Na matsa masa ya gwada, 92! Ni kuwa ɗan tumbi ne kawai, hannuwa sirara. Likitan ya ce jikina ba ya jin insulin, can kuma ya ce insulin ɗin ya yi kaɗan. To wanne ne a ciki? Layi ya yi tsawo, ban samu na sake tambayarsa ba.

Nas_Zariya:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da lafiya. Duka biyun ne, kuma ɗaya ne ke jawo ɗaya.

Insulin daga pankiriyas yake fitowa, wani sashe da ke kwance bayan tumbi. Wasu na ce masa saifa, amma saifa daban ce. Idan ka ci tuwo, suga ya shiga jini, insulin ne ke kiran tsoka ta kwashe shi, ya kuma ce wa hanta ta dakata da zuba nata. Kitsen ciki da yawan zama su ke sa tsoka da hanta su yi nauyin kunne. To mai nauyin kunne ya ake yi da shi? Ɗaga murya. Sai pankiriyas ya ninka insulin ɗin da yake fitarwa, suga ya zauna daidai, mutum ya yi shekaru bai san ana wannan fama a cikinsa ba. Ina kyautata zaton nan yayanka yake: kunnen ya yi nauyi, amma mai kiran yana da murya.

Ciwon yana bayyana ne ran da muryar ta fara dishewa. Kai naka nauyin kunnen wataƙila bai kai nasa ba, sai dai naka pankiriyas ɗin ya riga nasa gajiya. Wannan ƙarfin kowa da irin wanda ya gada, ko ciki ɗaya aka fito. Wani babban bincike a Birtaniya ya nuna lokacin da ake gano ciwon, kusan rabin ƙarfin fitar da insulin ya riga ya tafi. Sannan sugan da ya hau shi kansa yana ƙara kassara ƙwayoyin da ke yin insulin, shi ya sa ba a son jinkiri. Daga 126 zuwa sama kafin karyawa, sau biyu, shi ne ma'aunin ciwon, ka ga likitanka bai yi kuskure ba.

Dan_Baba77:
Malam ka nemi garafuni da shuwaka ka jiƙa ka dinga sha. Ɗaci ke kashe zaƙi. Kar ka saba wa jikinka da ƙwaya.

Maman_Yanbiyu:
Dan_Baba, haka aka ce min, na sha ɗaci wata biyar har na tsani ganin kofi, da na koma asibiti sugan ya haura 200. Malam Tela ka riƙe maganinka. Ni glibenclamide aka fara ba ni, shi matsa wa pankiriyas yake ya ƙara fitarwa. Wata rana na sha ban ci abinci ba, jikina ya hau rawa, gumi ya karyo, sai da 'yata ta dama min ruwan suga. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba, don shi hanta yake lallashi. Kuma ka duba bayan wuyan yayanka. In ya yi baƙi da kauri kamar dauɗar da ba ta fita da soso, alama ce insulin ya yi yawa a jini, kar 92 ɗin ta ruɗe shi.

Nas_Zariya:
Gaskiyar Hajiya. Malam, tsoka ce ke kwashe mafi yawan sugan abinci, kuma in tana aiki tana jan suga ko da insulin kaɗan ne. A Amurka an gwada masu gab da kamuwa, sakamakon ya fito a 2002: tafiyar minti 150 a mako da rage nauyi ya rage kamuwa da kashi 58 cikin 100. Kekenka na ƙafa ne?

Tela_Fagge:
A'a ranki ya daɗe, shekara tara ke nan da na sa masa inji, yatsan ƙafa kawai nake dannawa. Tsohon na ƙafar yana nan a lungu, yara sun ɗora masa ƙyallaye. Wuyan Yaya kuwa, wallahi tun bara matarsa ke masa tsiyar ba ya cuɗawa. Yana hanyar Legas, Juma'a zai dawo.