Gishirin Yuropa: Daga Tekun Ƙarƙashi Yake, Ko Daga Io?

Malamin Fiziks: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, duhu-duhun nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke bin tsagogin ƙanƙarar Yuropa, ɗaya daga cikin watannin Jufita, gishiri ne da ya fito daga tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar. Hujjata ita ce abin da na'urar NIMS mai auna hasken infrared ta kumbon Galileo ta auna bayan isarsa Jufita a 1995. Ƙanƙara tsantsa tana shanye hasken infrared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, a maikiron 1.5 da 2.0 (maikiron ma'aunin tsawon zangon haske ne), amma a wuraren nan masu duhu sai aka tarar alamomin biyu sun karkace, kamar yadda suke yi idan ruwa ya maƙale a jikin gishiri. Masanin kimiyya McCord da abokan aikinsa sun kawo wannan bayani a 1998, kuma cikin gishirorin da suka ambata har da dangin kanwarmu.

Ɗalibar Kemistiri: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja a kan wannan. Shekara guda bayan haka, Carlson da tawagarsa sun nuna cewa asid irin na ruwan batir, idan ya daskare da ruwa, yana ba da kusan wannan karkacewar, kuma ba sai an je teku neman tushensa ba. Duwatsu masu aman wuta na Io, wani watan Jufita, suna watsa kimanin tan guda na abubuwa a kowace daƙiƙa, akasari farar wuta da iskar oksijin, maganaɗisun Jufita kuma yana kwasarsu ya jefi Yuropa da su ta baya. Da yake fuska ɗaya Yuropa take ba Jufita a zagayenta na kwana uku da rabi, ɓangaren da ke baya a tafiyarta ne kullum yake shan jifan, kuma a can ne duhun ya fi yawa. Wannan dacewar ba ta yi mini kama da aikin teku ba.

Injiniya: Malama ta kama hanya, sai dai ku duka biyu kuna ɗora wa na'urar abin da ya fi ƙarfinta. NIMS ba ta da kaifin da za ta bambanta waɗannan abubuwa, kuma gishirin miya ba shi da wata alama tasa a wannan zangon haske, don haka ko da ya cika wurin ba za ta gan shi ba.

Malamin Fiziks: Injiniya, ai ka ƙarfafa maganata ne. An gano gishirin miyan a 2019 ta wata hanya, lokacin da Trumbo da Brown da Hand suka yi amfani da madubin Hubble a hasken da ido ke gani. Gishirin da burbushin lantarki ya daɗe yana duka yakan rikiɗe ya yi ɗorawa, kuma sun sami wannan alama a nanomita 450 a yankin Tara Regio, inda ƙanƙara ta farfashe ta sake haɗewa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, Tara Regio a ɓangaren gaba yake, nesa da jifan Io. A 2023 kuma aka bayyana cewa madubin James Webb ya ga iskar kabon dayoksaid ta daskare ta taru a wannan yankin, kusa da maikiron 4.25, alhali ba ta daɗewa a saman Yuropa, wanda ke nuna sabuwar fitowa ce.

Ɗalibar Kemistiri: Na yarda da kai a kan Tara Regio, Malam, amma ka lura ka bar iƙirarinka na farko, domin duhun bayan watan daban, gishirin gabansa daban. Sannan fitowa daga ƙasa ba ta nufin fitowa daga teku kai tsaye, tunda kaurin ƙanƙarar kilomita da yawa ne, kuma mai yiwuwa akwai tafkunan ruwan gishiri a cikinta.

Malamin Fiziks: Gaskiya ne, na faɗaɗa magana fiye da kima, kuma na janye a kan ɓangaren baya. Amma tafkunan da kika ambata, daga ina suka samo gishirinsu tun farko?

Injiniya: Kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024 ɗauke da na'urar MISE, wadda ita ma ke auna hasken infrared, zai isa a 2030 ya gifta Yuropa sau 49. Idan ta nuna abin da ke cikin sababbin tsagogi ya bambanta da na tsofaffin da suka sha jifa, Malam zai sami shaidar da yake nema.