Sanyin hunturu a kwari: me ya yi wa gonakinku?

Ɗan Kura
Assalamu alaikum manoman rani. Hazo ya fara sauka, kuma kowa da abin da yake faɗa: wasu na cewa bana ɗari zai yi tsanani, wasu na cewa leƙowa kawai zai yi ya wuce. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon shekara ya fi ba da ƙarfi kan damina, mu kuwa abin da ya dame mu shi ne sanyin asuba a ƙasan fadama. Ina da fangali a gangare wajen Kadawa, ina son in zuba irin shinkafa a Disamba don in riga mutane kaiwa kasuwa. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Mai shinkafa, Auyo
Wa alaikumus salam. Malam, ni dai ban ba ka shawara ba. Shekarar da muka zuba iri a tsakiyar Disamba, ya daɗe bai tsiro ba, da ya tsiro kuma sai ya tsaya cak, ganyen ya yi ɗorawa. Muka ɗauka yunwa ce muka watsa yuriya, ko gezau. Saiwar ce sanyi ya kama, ba ta iya jan takin. Maƙwabcina da ya jira har ƙarshen Janairu ya kamo mu a dashe, kuma tasa ta fi tamu 'ya'ya. Abin da ya fi ba ni mamaki, fangalin da ke can ƙasa kusa da magudana shi ya fi lalacewa, na kan tudu ya ɗan farfaɗo, alhali iri ɗaya ne, ruwa ɗaya.

Baba mai alkama, Garun Malam
Yarana, sanyin da kuke gudu shi muke roƙon Allah ya kawo. Tun da ruwan Tiga ya iso mana nake noman alkama, ban taɓa ganin shekarar da sanyi ya cuce ta ba. Zafi ne abokin gabarta. In ka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, za ta yi 'ya'ya a cikin ɗari, ta cika ƙwaya kafin zafin Maris. In ka makara zuwa Janairu, zafi ya riske ta tana zuba ƙwaya, sai ka sheƙe ka ga ƙwayar a motse, buhu ba nauyi. Shekarun nan hunturun ba ya daɗewa kamar da, wannan ne ke tayar min da hankali. Da can sai mu fita ban ruwa da asuba hannu ba ya iya riƙe fartanya. Ɗan Kura, fangalin nan naka na gangare ka sa masa alkama ko albasa yanzu, shinkafa ta jira lokacinta.

Ɗan Kura
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma me ya sa na ƙasa ya fi shan wahala?

Malamin gona
Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Da dare ƙasa tana sakin zafin da ta sha da rana, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi, sai ta gangara ta taru a kwari kamar yadda ruwa ke yi. Shi ya sa gona biyu da ke kallon juna, ɗaya ta sha, ɗaya ta tsira. Na sha aje ma'aunin zafi a bakin kanal da kan tudu, kullum na ƙasa ne ke nuna ƙarin sanyi da asuba. Daren da ya fi haɗari kuma shi ne wanda iska ta kwanta, sama ta yi garau, taurari suka fito tar. Shinkafa tana jin jiki in dare ya sauka ƙasa da digiri 15, wanda a Kano da Jigawa ba baƙon abu ba ne a Disamba da Janairu. Mafi muni shi ne sanyi ya same ta kusan sati biyu kafin ta fitar da kai: kan zai fito, amma ba ƙwaya. Wanda ya riga ya zuba iri, ya ƙara wa fangali ruwa da yamma, ruwa na riƙe ɗumi, ya rage shi in rana ta ɗaga.

Ɗan Agadas
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Ku sanyi kuke gani, mu nan cikin duwatsun Ayar ƙanƙara muke gani. Ina sayen albasa da dankalin turawa daga garake na Tabelot da kan dutsen Bagzan, inda tsayinsa ya kai wajen mita 2,000. Na kwana can cikin Janairu, ruwan da muka bari a tasa ya wayi gari da ɓawon ƙanƙara a sama. Da rana ta fito muka zagaya garka, ganyen dankali ya yi laushi, kafin la'asar ya yi baƙi. Tumatir da tattasai ma haka. Albasa da alkama da tafarnuwa ba abin da ya same su. Masu garkar, Buzaye ne, sun san daren da zai zo. In iska ta mutu da magariba sai su ba da ruwa tun da yamma, wasu su turara hayaƙi da asuba, wasu su rufe ƙananan shuka da ciyawa. A Timiya masu lemu su ma ƙananan dashe suke rufewa, manyan itatuwa suna jurewa. Wanda garkarsa ke ƙasan ƙorama shi ke fara kuka, daidai da abin da malamin gona ya faɗa.

Hajiya mai tumatir, Bunkure
Ni sanyi bai taɓa kashe min tumatir ba, sai dai ya hana shi nuna da wuri. Ka yi ta jira, ranar da zafi ya buɗe kuma na kowa ya nuna lokaci guda, kasuwar Kwanar Gafan ta cika, kwando ya faɗi warwas. Amfanin sanyin a wurina shi ne sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, yana lafawa, sai zafi ya shigo yake tashi, wanda ya ga ɓarnarsa a 2016 ya sani. Ƙura kuma in ta kwanta a ganye, feshi ba ya kamawa sosai, don haka da sassafe nake sa yara su yi, kafin iska ta tashi.

Ɗan Kura
Allah ya saka da alheri. Na ɗage zuba irin zuwa ƙarshen Janairu, gangaren zan sa albasa. Hajiya, ko akwai mai irin dashen albasa a wajenku? Namu na nan duk an kama.