Neman shawara: pfaA ya fito, amma babu EPA

Ɗalibi a Jidda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu kan bakteriyar teku masu samar da maiƙon omega-3. Na ware wata daga laka a gaɓar Bahar Maliya, kuma alamu sun nuna dangin Shewanella ce. Gwajin PCR, wanda ke gano sashen DNA, ya nuna tana da pfaA, ɗaya daga cikin ƙwayoyin halittar gado da ke sa a haɗa maiƙon, amma na'urar GC mai tantance maiƙo ba ta ga ko ɗigon EPA ba, wato nau'in omega-3 da nake nema. A zafin digiri 30 nake renon ta. Lokaci yana ƙure mini, me zan yi?

Malami a Madina: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da zafin nan. Bakteriya na yin wannan maiƙo ne don kada fatar ƙwayarta ta daskare a sanyi, shi ya sa fitattun masu yin sa, irin su Moritella marina mai DHA (wani nau'in omega-3) da Photobacterium profundum mai EPA, 'yan ruwan sanyi ne mai zurfi. Bahar Maliya kuwa ko a can ƙasa zafinta bai gaza digiri 21 ba. Sauke zafin renon bakteriyarka zuwa digiri 15 ko 20, ka yi haƙuri da jinkirin girmanta, sannan ka sake aunawa.

Kuma pfaA kaɗai ba hujja ba ce. Ƙwayoyin halittar gadon biyar ne, daga pfaA zuwa pfaE. Shi pfaE shi ke samar da enzayim ɗin da ke liƙa wa sassan ACP, wato sassan furotin masu ɗaukar maiƙon yayin haɗa shi, hannun riƙe sarƙar maiƙon. In babu shi, sauran huɗun zaman banza suke yi. Akwai ma bakteriyar da ke ɗauke da masu kama da pfa amma wani abu daban suke haɗawa. In da hali, a karanta jerin DNA ɗinta gaba ɗaya.

'Yar'uwa a Thuwal (gari a arewa da Jidda): Malam ya yi gaskiya. Ƙari ɗaya: EPA na saurin lalacewa a iska da haske. Ka busar da samfurin da iskar naitirojin, ka sa EPA na gwaji a gefe don ka tabbatar na'urar na ganin sa. In duk ya ƙi, ka tsinto ruɓaɓɓun ganyen shura, wato bishiyar mangrove ta bakin teku, ka nemi wata halitta mai ƙwaya ɗaya da ake kira Aurantiochytrium. Ba bakteriya ba ce, amma enzayim mai kama da na pfa take amfani da shi, tana tara DHA da yawa, kuma ɗumi bai dame ta ba.

Ɗalibi a Jidda: Allah Ya saka muku da alheri. Gobe zan sa kwalabe a digiri 15, in kuma kai wa mai duba aikina maganar karanta DNA ɗin.