Me za mu kira "spin-off" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ina rubutu kan tsofaffin wasannin barkwanci na talabijin ɗin Amurka, na zo kan The Jeffersons sai alƙalami ya tsaya cak. Turawa na kiran irinsa "spin-off", ni kuma na rasa kalmarmu.

Ga yadda abin yake. A 1971 tashar CBS ta fara All in the Family, shirin Norman Lear kan wani Bature mai taurin kai da ƙyamar baƙar fata, Archie Bunker, mazaunin unguwar Queens a New York. Maƙwabtansa baƙaƙen fata ne, George Jefferson da matarsa Louise. Da aka ga masu kallo sun ƙwallafa rai a kansu, sai a Janairun 1975 aka ba su shirin kansu: shagunan wanki da guga na George sun bunƙasa, iyalin suka tattara suka koma wani dogon bene a Manhattan. Zango 11 suka yi, sai 1985 aka rufe.

Da na fara tambaya, wani ya ce "ci gaba". A'a, Malam. Ci gaba shi ne kashi na biyu na labari guda, kamar yadda muka saba a finafinan Kano. Nan kuwa tsohon shirin bai tsaya ba, Archie na can yana ta masifarsa a Queens, George na nasa tsiyar a wani gidan.

"Reshe" ya fi samun ƙuri'a, kuma na so shi da farko. Amma reshe a jikin bishiya yake rayuwa, in an sare gindi ya bushe. All in the Family ya ƙare a 1979, The Jeffersons ya ƙara shekara shida yana tashe. Wane irin reshe ne wannan?

Wata Hajiya ta kawo "yaye", kamar ubangida ya yaye yaronsa ya buɗe nasa shagon. Wallahi Hajiya kin kusa, har na rubuta shi a takarda. Sai dai "shirin yaye" zai sa mutum ya zaci bikin ɗalibai ne. Wani kuma ya ce "gyauro". Gyauro da kansa yake fitowa inda iri ya zube bara, wannan kuwa da gangan aka yi, an zauna an yi lissafin kuɗi.

Ni dai na tsaya kan "dashe". Duk wanda ya taɓa noman rani ya san yadda ake yi: a yafa irin albasa a gado, ya fito a cunkushe, in ya yi ƙwari a tuge shi a hankali da 'yar ƙasa a saiwarsa a kai shi fili inda zai sake. Wannan 'yar ƙasar ita ce halin George, girman kan nan da saurin baki da ya taho da su daga Queens. Kuma dashe kan kama, kan ƙi. An ɗauko Florence, mai aikin gidan su George, aka yi mata nata shirin, Checking In, a 1981, fitowa huɗu kacal ya mutu, ta dawo bakin aikinta.

Kalmar tana juyuwa kuma, abin da reshe ba ya yi: an dasa The Jeffersons daga All in the Family. Maude ma dashe ne daga can a 1972, Good Times kuma dashen Maude a 1974, wato dashen dashe.

Wani ya yi tsokana wai za a ɗauka dashen ƙoda nake nufi. To Yallaɓai, in ka ji "shirin dashe" a maganar talabijin ka nufi asibiti, wannan kuma ba laifin kalmar ba ne.