Babban tanki ko doguwar ƙafa: me ke ba shawa ƙarfi?

Baba Alhaji: Salamu alaikum jama'ar layi. Shawar ɗakin bene ta ishe ni. Ruwa ɗis-ɗis yake zuba, sai mutum ya gaji da tsayuwa ya koma wa bokiti. Tankina Polytank ne mai lita 2,000. Na yi niyyar sauke shi in ɗora mai lita 5,000 a kan ƙafar ƙarfen da ke nan. Ruwa ya ƙaru, nauyi ya ƙaru, dole turi ya ƙaru. Wa ya san mai motar da zai kawo min shi unguwar Nima a Accra?

Mai Famfo: Wa alaikumus salam Baba. Shawara ce mai kyau. Na daɗe ina wannan aiki daga unguwar Mamobi har unguwar Madina, na canza wa mutane tanki ba adadi, kuma da yawansu sun kira ni daga baya suna cewa ruwa ya ƙara ƙarfi.

Autar Hajiya: Baba, a gafarce ni, ba raini ba ne. Abin da muka karanta a fiziks a babbar sakandare (SHS) ya saɓa da haka. Matsin ruwa a bakin famfo bai dogara da yawan ruwan tanki ba. Ya dogara ne da tsawon da ke tsakanin saman ruwan da bakin famfon. In ba a ɗaga tankin ba, ina tsoron kuɗinka za su tafi shawa kuma tana nan yadda take.

Baba Alhaji: 'Yata, Allah ya yi wa karatunki albarka. Amma ki ɗora buhun masara ɗaya a ka, sannan ki ɗora biyu, ki faɗa min wanne ya fi danne ki. Wannan ba ya bukatar littafi.

Malam Tica: Baba, misalinka gaskiya ne, sai dai akwai abin da ya ɓuya a ciki. Buhu biyun a kan kai ɗaya suka sauka. Da ka raba su ga mutum biyu, kowa nauyin buhu ɗaya zai ji. Shi ya sa muke raba nauyi da matsi. Matsi shi ne nauyin da ya faɗa wa kowane yanki na wuri, wato ka raba ƙarfin da faɗin inda ya sauka.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗauki tanki mai gindin murabba'in mita 1, ruwa ya kai tsawon mita 1 a ciki. Lita 1,000 ke nan, kilo 1,000, duk a kan murabba'in mita 1. Ɗauki wani mai gindin murabba'in mita 4, shi ma ruwa ya tsaya a mita 1. Lita 4,000 ce, nauyi ya ninka sau huɗu, amma gindin da ke ɗauke da shi ma ya ninka sau huɗu. Kowane murabba'in mita kilo 1,000 ya samu, ba ƙari. Bakin bututunka ɗan rami ne a jikin tanki, abin da yake ji shi ne zurfin ruwan da ke bisansa. Ruwan da ke can gefe gindin tanki ne ke ɗauke da shi.

A lissafi, kowace mita ta tsawon ruwa tana ba da matsin kusan faskal 9,800, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na bar (faskal da bar duk ma'aunin matsi ne). Mita 10 ke ba da kusan bar 1.

Mai Famfo: Malam, ni ba na musu da alli da allo. Amma abin da idona ya gani fa? Mutanen da suka kira ni ƙarya suka yi?

Malam Tica: Ko kaɗan, kuma kai ne za ka ba mu amsar. Tanki mai lita 5,000 da mai lita 2,000, tsawonsu ɗaya?

Mai Famfo: A'a, babban ya fi tsawo.

Malam Tica: To ga ɗaya. Ɗan tsawon nan shi ne ƙarin da suka ji. Na biyu, faffaɗan tanki ruwansa a hankali yake sauka, don haka yana daɗewa yana ba da matsin cikakken tanki. Na uku, in ka je canza tanki, bututun fita da makunnin da ke jikinsa tsofaffin kake mayarwa?

Mai Famfo: Sau da yawa sabo nake sawa, har nakan cire rabin inci in sa inci ɗaya. Tsohon wani lokaci laka da tsatsa sun cinye rabin cikinsa.

Hajiya Mai Koko: Ku bar ni in sa baki, ni da nake ɗiban ruwa a gidan Alhaji kullum da asuba. Famfon tsakar gida in na buɗe sai na riƙe galan da hannu biyu, har fantsama yake yi. Alhaji, ba tankin nan ɗaya ne ke ba shi ruwa da shawar bene ba? In ƙanƙantar tanki ce matsala, me ya sa ƙasa ke da ƙarfi?

Autar Hajiya: Mama ta gama magana. Ku duba buta ma. Ruwan cikinta ya fi na hancinta yawa nesa ba kusa ba, amma bai taɓa tura na hancin ya yi sama ya zube ba, a layi ɗaya suke tsayawa. Haka tiyon da birkiloli ke cika wa ruwa su daidaita gini.

Kawu Direba: Ni har yanzu ban gamsu ba. In yawan ruwa ba ya ƙara ƙarfi, me ya sa aka tare kogin Volta a Akosombo aka yi tafkin da ya kai har arewa? Sai a gina doguwar rijiya siririya a ba Gana wuta mana.

Malam Tica: Kawu, wannan tambaya ta fi duk waɗanda aka yi nauyi, domin a nan ne yawa ke da aiki. Matsi daban, makamashi daban. Makamashin da ruwa ya ajiye a bisa shi ne nauyinsa a ninka da tsawon da zai faɗo. Siririyar rijiyarka in ta kai tsawon tafkin za ta ba injin matsi iri ɗaya, amma kafin ƙiftawa da bismilla ta ƙare. Tafkin Volta mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500 shi ke sa ruwa ya yi ta zuba a injuna shida shekara ta zagayo.

Kuma lura da yadda ake sanar da halin dam ɗin. Da ma'aunin ƙafa ake faɗar tsawon ruwan: 278 iyakar sama, 240 iyakar ƙasa. Manyanmu sun tuna 2007, lokacin da ruwan ya sauka ƙasa da 240 aka yi ta rabon wuta. Tafkin bai ƙafe ba, ruwa na nan jibge, tsawo ne ya ragu. Shi kansa bangon, mai tsawon mita 114 da aka gama a 1965, gindinsa ya fi samansa kauri sosai, domin can ƙasa matsi ya fi tsanani. Da tafkin rabin faɗinsa ne da zurfi ɗaya, turin da bangon zai sha bai canza ba.

Kada kowa ya ji kunyar ruɗewa a nan. Simon Stevin, mutumin Bruges a Beljiyam ta yau, ya bayyana wannan a 1586, kuma masana kansu sun ɗauke shi abin mamaki. Blaise Pascal na Faransa ya zo ya ƙara haske a kai, shi ne aka sa wa ma'aunin matsi sunansa.

Autar Hajiya: Na gwada yanzu a bayan gida. Galan Kufuor mai lita 20 da gorar Voltic mai lita 1.5. Na huda su da ƙusa ɗaya, na jera ramukan a tsawo ɗaya daga ƙasa, na zuba ruwa santimita 20 bisa kowane rami. Da na cire yatsu, wuri ɗaya ruwan biyun ya faɗi. Na gorar ya yi saurin yin laushi, na galan ya daɗe yana harbawa. Sai dai da farko na bar murfin gorar a ɗaure, ruwan ya ɗan fito ya tsaya cak.

Malam Tica: Madalla 'yata. Iskar waje ce ta tare ramin, domin ita ma tana da matsi, kwatankwacin na ruwa mita 10. Baba, a duba ramin shan iska na murfin tankinka, kada ya toshe.

Kawu Direba: Galan da gora wasan yara ne. Ni sai na gani a tanki na gaske.

Mai Famfo: Kawu, sai ka biyo ni in na je. Baba, na hau bene na auna da tef. Daga saman ruwa in tanki ya cika zuwa kan shawa mita ɗaya da rabi ne kawai. In ruwa ya yi rabi ba ya kai mita ɗaya. Famfon Hajiya kuwa ya haura mita 5 ƙasa da ruwan. Na yarda da Malam a kan tsawo, amma ina nan kan bakana cewa siririn bututu mai gwiwa shida yana cin nasa rabon. Na ƙirga su.

Malam Tica: Gaskiyarka, gogayyar ruwa da cikin bututu tana rage gudu. A gyara duka biyun. In an ƙara wa ƙafar mita 3, tsawo ya koma huɗu da rabi, matsi ya ninka sau uku. Gudun ruwan ba zai ninka sau uku ba, sai tsawo ya ninka sau huɗu gudu ke ninka sau biyu, amma za a ji bambanci sosai. Abin da ya fi damuna shi ne lita 5,000 tan 5 ne. Ƙafar nan don tan 2 aka yi ta, kuma yara a ƙarƙashinta suke wasa.

Baba Alhaji: Wannan na ƙarshen ya shige ni. Amma babban tankin sai na saya, domin ruwa ba kullum yake zuwa layinmu ba, kuma gidan mutum 14 ne. A ƙasa za a girke shi kan siminti, a sa inji yana buga wa ƙaramin a sama. Mai Famfo, ka zo da mai walda Asabar bayan la'asar ya duba ƙarfen, ya faɗa min ko za ta ɗauki ƙarin mita 3 ko sabuwa za a yi.